Fuskar Da Na Ara Ban Tambayi Mai Ita Ba

A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, shekaruna ashirin da huɗu, ban yi aure ba, ina zaune a gidan iyayena a Agege, can bayan layin dogo. A nan aka haife ni, a Legas ɗin kuma na yi karatu har na gama fannin zane a babbar makaranta. Ni mai shiru ce tun ina ƙarama. Mahaifiyata takan ce idan aka aike ni sayen gishiri sai an tashi wani ya nemo ni, domin za a tarar da ni a tsaye ina kallon yadda ruwan sama ke gangarowa daga bakin kwano. Ban iya faɗa ba, ban iya ciniki ba, abin da na iya shi ne kallo. Sana'ata kuwa ita ce yi wa jaridu da mujallu zane. Ba a ƙarƙashin kowa nake ba. Idan edita yana da labarin da ba shi da hoto, ko labarin da hoto ba zai dace da shi ba, sai ya turo mini saƙo a waya, in zana, in tura masa, a sallame ni. Wani watan in samu aiki uku, wani watan ko ɗaya babu. Na rubuto muku ne domin na daɗe ina ɗauke da wannan abu a raina, kuma na ga masu irin sana'ata suna ƙaruwa a cikin 'yan matanmu. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har nawa.

Tun muna makaranta aka koya mana cewa hannun mai zane yana mutuwa idan ya kwana biyu bai zana abin da ido ya gani ba. Saboda haka ina da wani littafi mai baƙin bango da ba na rabuwa da shi. A cikin danfo, motar hayar Legas, in zana ƙeyar direba, a bakin titi in zana mai shayi yana ɗaga kofi sama, kuma a ƙasan kowane shafi in rubuta ranar. Amma wanda ya fi kowa yawa a littafin shi ne wani dattijo mahauci da ke da tebur a 'yar kasuwar da ke ƙarshen layinmu. Baba muke ce masa. Aminin mahaifina ne, domin mahaifina fata yake saye a hannun mahauta yana sayarwa. Baba dogo ne, ya haura sittin, yana da tabo da ya raba girarsa ta hagu biyu, inda ƙahon sa ya taɓa samunsa yana saurayi. Hularsa kullum a ture take can baya, ƙaramin yatsansa na dama kuma ba ya lanƙwasuwa, idan ya riƙe wuƙa sai ka ga yatsan ya miƙe shi kaɗai. Matan Yarabawa masu dafa abincin sayarwa tun da sassafe suke layi a gabansa, yana zuba musu Yarabanci suna dariya. An san shi da cewa nama ba ya kwana a hannunsa. Ni kuma amaryarsa yake kirana, irin wasan kaka da jika. Idan na zauna a bencinsa na buɗe littafi, sai ya ce amarya ta zo duba ko angon ya ƙara tsufa, in taimaka in rage masa tamoji, zai ƙara mini hanta a kan sadaki. Ranar farko da na nemi izininsa, cewa ya yi in dai karatu ne in zana har fensir ya ƙare.

Wata ranar Talata da safe, a cikin damina, saƙo ya shigo daga editan wata mujalla ta Turanci da ke can tsallaken gada, a tsibirin Legas. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, oga kawai nake ce masa, kuma shi ne wanda ya fi ba ni aiki. Ya ce wanda ya ba aikin da farko ya ba shi kunya, yana son zane kafin ƙarfe huɗu na yamma: mahauci a bakin teburinsa, nama a gabansa, kasuwa a bayansa. Na nemi ya turo mini labarin in karanta, ya ce marubucin bai gama ba tukuna, in fara kawai. A sana'armu wannan ba sabon abu ba ne, sau da yawa layi biyu ake ba ka, ka zana abin da ba ka karanta ba. Kwana biyu ke nan babu wuta a unguwarmu, na'urar da nake zane a kanta kuma cajinta bai kai rabi ba. Ƙirƙirar fuska daga ka tana cin lokaci, hannu riƙe da wuƙa kuwa ya fi komai wuya. Sai na jawo littafina, na buɗe shafin da Baba ya fi kyau a ciki, yana sunkuye yana yanka, na ɗauki hoton shafin na ɗora a na'ura, na bi layukan. Na ce wa kaina idan na gama komai zan dawo in sauya fuskar, in share tabon, in gyara hular. Da na gama, sai na ga tabon nan shi ne ya ba zanen rai. Na ji ba zan iya taɓa shi ba, na bar shi.

Ƙarfe biyu na tura. Oga ya ce ya yi kyau matuƙa, har kamar mutumin zai yi magana, sai dai wurin ya cika tsabta. In duhunta naman, in sa ƙudaje. Na yi. Bayan ɗan lokaci ya sake turowa, in sa wani buhu a ƙarƙashin tebur wanda aka tura ciki amma bakinsa ya leƙo, kuma kada mutumin ya kalli naman, ya kalli gefe kamar mai tsoron a gan shi. A nan ne laifina yake, domin ba zan ce ban gane ba. Na rubuta masa tambaya, wai labarin a kan me ne, na zauna ina kallon rubutun, sannan na goge. Masu irin aikinmu ba a korarsu, daina kiransu kawai ake yi, kuma mai yawan tambaya shi ake fara mantawa da shi. Cajin na'ura ya koma ja. Na ɗauki alƙalami na matsar da ƙwayar idon Baba zuwa gefe. Ɗigo biyu ne kawai, ko minti ɗaya ban yi ba. Amma da na ja baya na duba, wanda ke kallona daga cikin allon ba mutumin da na sani ba ne, ɓarawo ne sanye da fuskarsa. Na tura, na'urar ta mutu, na tashi na yi sallar la'asar. Na gaya wa zuciyata cewa ai zane ne, kuma wa zai karanta mujallar Turanci a kasuwarmu.

Ranar Juma'a aka buga. A bangon mujallar aka sa zanen, ba a ciki ba. Kanun labarin yana magana ne a kan mahautan da ke sayar wa mutane mushe, wato dabbobin da suka mutu a cikin tirela a hanyarsu daga arewa, a feɗe su a ɓoye a haɗa da halal. Labarin bai ambaci sunan kowa ba, bai ambaci kasuwarmu ba. Amma ga Baba nan, da tabonsa, da hularsa, da yatsansa a miƙe. Kafin Lahadi wani ya ɗauki hoton bangon, ya yanke ƙasan inda harufan sunana suke, ya bar kanun da fuskar, ya watsa a guruf-guruf na waya. Sai saƙon murya ya biyo baya, ɗaya da Yarabanci ɗaya da Hausa, ana faɗin sunan kasuwarmu da layin da teburinsa yake, wai 'yan jarida sun kama shi. Ina wanke-wanke mahaifiyata ta miƙo mini wayarta, ta ce in duba abin da wani marar tsoron Allah ya yi wa bawan Allahn nan. A gidanmu an san ina zane ana biyana, amma ba wanda ya taɓa damuwa ya ga me nake zanawa, sun ɗauka furanni ne da littattafan yara. Na karɓi wayar da jiƙaƙƙen hannu, na kalli aikina, na ce mata Allah ya kyauta.

Ranar Litinin wajen tsakar rana ta ba ni kwano ta ce in je wurin Baba in sayo nama, kuma in bi ta tsakiyar kasuwa kowa ya ga cewa gidanmu bai daina ci daga hannunsa ba. Ban taɓa tafiya mai nisa irin wannan ba, alhali ko minti biyar ba a yi. A da kafin sha ɗaya teburinsa ya zama katako zalla. Ranar kuwa rana ta take, nama na nan jibge kamar yanzu aka sauke. Yana tsaye da tsumma yana korar ƙuda, ba kowa a gabansa. Wata mata da na san ta fi shekara goma tana saye a wurinsa ta zo wucewa, ya gaishe ta da Yarabanci, ta ja mayafinta ta kauce kamar ba ta ji ba. Wani mahauci matashi daga can gefe ya ɗaga murya yana ce wa na kusa da shi wai yanzu suna da ɗan kasuwa da ya shiga jarida, saura talabijin. Baba bai juya ba. Da ya gan ni sai ya yi murmushi ya ce amarya ta zo, ya yanka mini tsoka mai kyau ya ƙara gyara. Sannan ya kalli hannuna, ya tambaye ni a hankali ina littafin yau, ko karatun ya ƙare ne. Na ce na manta shi a gida. Ya ce ba komai, in gaida mutanen gida. Daga baya na ji cewa da yamma ya rabar da naman sadaka, kuma har a cikin masu karɓar sadaka an samu waɗanda suka ƙi.

Washegari mahaifina ya dawo da labarin da ya hana ni cin abinci. Sarkin fawa ya dakatar da Baba daga yanka har zuwa ranar Alhamis bayan la'asar, ranar da dattawan mahauta za su zauna a kansa. Idan bai wanke kansa ba za a karɓe teburin, a cire shi daga cikinsu, kuma wanda aka cire a kan mushe babu kwatar da za ta sake sayar masa ko ƙafar akuya a faɗin Legas. Hujjar masu zarginsa ita ce, ba yadda za a yi ɗan jarida ya zana mutum har da tabon gira da yatsa sai in ya daɗe yana bibiyarsa, kuma ba a bibiyar mutum haka kawai. Ciniki ya faɗi a kasuwar gaba ɗaya, don haka matasan mahauta suna cike da haushi, rabi suna son a kore shi, rabi suna neman wanda ya yi zanen su koya masa hankali. Ina ajiye wa mahaifina ruwa lokacin da ya ce wa mahaifiyata abin da ya fi ba shi haushi shi ne taurin kan abokin nasa. An tambayi Baba ko ya san wani da ya taɓa zana shi, ya ce shekara talatin yana tsaye a bainar jama'a, fuska kuma ba ta da ƙyaure, shi ba zai kama sunan kowa ba. An matsa masa, ya ce ya gama magana. Na koma ɗaki na zauna a ƙasa. Tambayar da ya yi mini a kan littafi ta dawo mini, na gane tun ranar farko ya san ni ce.

Na fita bayan gida na kira oga. Da farko dariya ya yi, ya ce wannan ya nuna ina da baiwa, tunda har an gane mutum. Da na ce masa za a raba dattijo da sana'arsa, sai muryarsa ta sauya. Ya tuna mini da takardar da na sa wa hannu tun farkon fara aikinmu, wadda ta ce duk fuskar da na zana ƙirƙira ce, idan kuma ta wani ce to ni na ɗauko wa kaina. Ya ce shi bai ce in zana maƙwabcina ba, kuma a nan gaskiya ya faɗa. Shawararsa ita ce in yi shiru, mutane suna mantawa cikin mako guda. Na roƙe shi ya cire zanen daga shafinsu na intanet, ya cire. Kafin yamma sai ga sabon saƙon murya yana yawo, wai mahaucin ya kai cin hanci an sauke hotonsa.

Ranar Laraba na ɗauki littafin na shiga kicin da niyyar ƙona shi. Garwashi na ci a kurfoti, mahaifiyata ta fita barka. Idan littafin ya ƙone babu abin da zai haɗa ni da zanen, Baba kuma na san ba zai yi magana ba. Na yi tunanin mahaifina, wanda abincinmu gaba ɗaya daga hannun mahautan nan yake fitowa. Na yi tunanin matasan da ke neman mai zanen. Na yi tunanin abin da za a ce a unguwa, 'yar wane da ke zama a cikin maza tana zana masu rai tana sayar wa jarida, domin da ma akwai masu ganin sana'ar tawa ba ta dace ba. Na buɗe littafin don in fara yage shafukansa, sai na ci karo da wani zane da na yi masa yana dariya, kansa a baya, hular tana shirin faɗuwa. Ina nan tsugune da shi a hannu mahaifiyata ta shigo. Ta kalli littafin, ta kalli wutar, ta kalle ni. Ban san lokacin da na gaya mata komai ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta zauna a kan turmi, sannan ta tambaye ni ko na san wanda ya yanka ragon sunana, ya feɗe, ya ƙi karɓar ko sisi, ta ce to Baba ne. Ta ce ita ba za ta kai wa mahaifina wannan magana ba, wadda ta iya zanawa ta iya faɗa. Bayan magariba na durƙusa a gabansa na faɗa. Ya karɓi littafin yana buɗewa shafi bayan shafi, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai ƙarshe ya rufe, ya ce ashe shi ya sa mutumin nan ya ƙi magana. Sai ya ce gobe in sa hijabina, in ɗauki littafin da wayar da na'urar, in tabbata akwai caji.

A wata rumfar kwano kusa da kwata ake zaman. An yi ruwa da rana, ƙasa ta caɓe, warin jini da kashin shanu ya cika wurin. Mata ba sa shiga wannan zama. Da muka iso maza sun cika benci har wasu na tsaye, Baba yana zaune shi kaɗai a gefe, sanye da farar riga kamar mai zuwa Juma'a. Da ya hango ni a bayan mahaifina sai ya girgiza kai, irin na kada ki yi. Mahaifina ya yi sallama, ya nemi sarkin fawa ya ba 'yarsa izini, tana da magana a kan abin da aka taru dominsa. Na fara magana, ni kaina ba na jin abin da nake faɗa. Sarkin fawa ya ce yarinya ki ɗaga murya, a nan mun saba da kukan shanu. Na ɗaga. Na ce ni na yi zanen, Baba bai san komai ba, ban taɓa ganinsa da mushe ba, fuskarsa na ɗauko daga littafin karatuna saboda sauri. Wurin ya kaure. Wani matashi ya miƙe ya ce wannan shiri ne, an kawo 'yar aboki ta ɗauki laifi don an san ba a dukan mace. Aka karɓi littafin yana yawo daga hannu zuwa hannu, sai wani ya ga kansa a ciki, wani ma ya ga kansa. Matashin nan ya ce ashe duk muna ciki, yau Baba, gobe waye. Na ji mahaifina ya matso ya tsaya dab da ni. Wani tsoho da ya kai shafin kusa da idonsa ya ce shi dai ƙararsa ɗaya ce, hancinsa bai kai haka girma ba. 'Yan kaɗan suka yi dariya, hayaniyar ta ɗan lafa.

Sarkin fawa ya ce littafi ya nuna na iya zana Baba, amma bai nuna ni na yi na jaridar ba. Sai na kunna na'urar. Zanen na'ura hawa-hawa ake yinsa, kamar ka jera takardu shara-shara ɗaya a kan ɗaya, kowane abu da tasa takardar, kuma kana iya ɗage wadda ka ga dama. Na ajiye ta a kan benci a gabansa, dattawa suka sunkuyo. Ga zanen nan yadda suka gan shi a waya. Na taɓa, ƙudajen suka ɓace. Na taɓa, buhun da ke ƙarƙashin tebur ya ɓace. Na taɓa, naman ya koma ja mai kyau. Na taɓa na ƙarshe, idanun Baba suka bar kallon gefe suka koma kan wuƙarsa. Can ƙasa kuma ga shafin littafina da ranar da na rubuta da hannuna, watanni kafin a yi labarin. Na karanta musu saƙonnin oga ɗaya bayan ɗaya ina mayarwa da Hausa. Sarkin fawa ya ce in mayar da ƙudajen ya gani. Na mayar. Ya ce in cire. Na cire. Ya jingina da baya ya yi salati, ya ce a zamaninsu sai an haɗa baki da mutum uku kafin a yi wa mutum ƙazafi, yanzu yatsa ɗaya ya isa.

Ya juya ga Baba ya tambaye shi me ya sa ya zaɓi a karɓe teburinsa a kan ya faɗi gaskiyar da ya sani. Baba ya ce shi ya riga ya ci kasuwarsa, yarinyar nan kuwa ko shimfiɗa ba ta yi ba, kuma a cinyarsa ta yi wasa. Hukuncin da aka yanke shi ne Baba ya koma teburinsa tun gobe. Ni kuma in yi bayani da muryata, da Hausa da Yarabanci, a watsa a duk inda aka watsa na farko, kada in sake zana kowa a kasuwar sai da izininsa, kuma a yage shafukan littafin a ba kowa nasa. Na je gaban Baba na durƙusa a cikin taɓo na nemi gafara. Ya ce in tashi kada in ɓata hijabina, ya yafe tun ranar da ya gani. Sai dai yana da tambaya ɗaya, ba don faɗa ba. Lokacin da nake sa ƙudajen nan, ban tuna naman wa nake sa wa ba? Gaskiyar ita ce na tuna.

Da a ce labarin ya ƙare a rumfar nan, da ban rubuto muku ba. Mujallar ta buga gyara, layi uku a can shafin ciki. Saƙon muryata ya zaga unguwa, amma bai yi tafiyar da na farko ya yi ba, domin ba mai ɗokin tura labarin cewa ba a yi komai ba. Mutanen layinmu sun koma saye a wurin Baba. Matan da ke sayen nama mai yawa kuwa sun riga sun samu wasu mahautan, kaɗan ne suka dawo. Mutumin da ke sayar da rabin sa kafin hantsi ya koma haɗa kai da wani su raba cinya ɗaya. Bayan kamar shekara guda ya bar teburin ya koma garinsu a arewa. Ya ce gwiwa ce ta matsa masa, mahaifina kuma bai taɓa ce mini ba gwiwar ba ce. Oga bai sake kirana ba. Na ci gaba da aiki da wasu, har yau da zane nake ci. A Babbar Sallar da ta wuce, wata gwaggona da ke Kano, wadda ba ta san komai a kan wannan ba, ta turo hoton nan a guruf ɗin danginmu, da gargaɗin cewa 'yan uwa na Legas ku kula da irin waɗannan mutane. Na rubuta mata bayani mai tsawo. Ta ce ayya, ba ta sani ba, kuma ta riga ta tura wa wasu.

Abin da na koya shi ne, na daɗe ina ɗaukar kaina marar cutarwa saboda ba na ɗaga murya, ba na zagi, ba na shiga harkar kowa. Ashe mai shiru ma tana zalunci, kuma nata ya fi wuyar ganewa domin ita kanta ba ta jin ƙararsa. Izinin da aka ba ni na karatu ne, na kai shi kasuwa. Tambayar da ta kamata in yi na rubuta ta da hannuna na goge, don kada a ce ina da matsala. Yanzu ba na ɗora alƙalami sai na karanta labarin tun daga kanunsa har ƙarshe, kuma na rasa ayyuka saboda haka. Idan zan zana mai laifi, ba na ba shi fuskar da ta taɓa yi mini murmushi, ko ta wanda na gani sau ɗaya a mota.

Ina kira ga 'yan uwana masu zane, da masu ɗaukar hoto, da duk mai waya a hannu. Fuskar mutum amana ce ko da a titi ka tsince ta. Idan aka ce ka ƙara ƙuda, ka tambaya a kan naman wa. Idan zuciyarka ta tsaya a kan wani aiki, ka tsaya tare da ita, aikin da ka rasa wani zai zo. Ku kuma masu turawa, ku ji tsoron Allah kafin ku danna. Ni a na'urata taɓawa huɗu na yi komai ya koma daidai, amma a wayoyin mutane har yau Baba yana kallon gefe, kuma ba ni da hannun da zai kai can. Duk wanda ya karanta wannan, idan hoton wani dattijo mai tabo a gira ya taɓa shigowa wayarsa, ina roƙonsa ya goge, ya kuma gaya wa wanda ya turo masa cewa mutumin kirki ne. Ni na zana shi, ni na sani.